Malfar Gahawa: Tashen da Muka Yi wa Baba Mai Shayi



Mu huɗu ne muka haɗa malfar nan, mu huɗu kuma muka yi tarayya a laifin da ke cikinta, shi ya sa labarin ba ya faɗuwa daidai a bakin mutum ɗaya. Duk ranar da ɗayanmu ya ɗauko shi a majalisa, sai ka ji ya ɗora wa sauran ukun kaso mafi nauyi, shi ya koma ɗan rakiya. Da muka gaji da musu sai muka ce a rubuta shi da "mu", kowa ya ɗauki rabonsa.

A garin Gumel ne, cikin azumin 2001, wanda ya faɗo tsakanin Nuwamba da Disamba. Jigawa na da shekara 10 da cirewa daga Kano. An gama kaka, an kai amfanin gona gida, sanyi ya fara busowa daga arewa ta wajen Maigatari. Biyu daga cikinmu wa da ƙane ne, na uku ɗan gwaggonmu ne daga Gagarawa da ke zaune a gidanmu saboda makaranta, na huɗu ɗan maƙwabta. Babbanmu shekararsa 14, autanmu 10. A shekarar ce wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya, amma mu sai dai jin labari. Abin da muke da shi bayan sallar asham shi ne tashe.

Kun san yadda ake raba watan: goma ta marmari, goma ta wuya, goma ta ɗokin salla. Da goman farko ta cika, farin wata ya yi haske, sai unguwa ta rikice da yara. Wasu su yi Tsoho da Gemu, wasu Jatau Mai Magani, wasu Macukule, 'yan mata su ma da nasu. Shekara uku muna bin wasannin da muka gada, har muka fara raina su. Sai muka ce bana namu za mu ƙirƙira, wanda ba a taɓa gani ba a ƙasar Gumel. Duk wanda ya taɓa riƙe biro da niyyar rubuta labarin da zai girgiza duniya ya san irin wannan zumuɗin.

Wanda muka zaɓa mu kwaikwaya shi ne Baba mai shayi na kusa da tasha. Dattijo ne siriri, mai farin gemu kaɗan, ba ya yawan magana. Teburinsa irin na kowane mai shayi ne: burodi a jere, kiret ɗin ƙwai, gwangwanayen madara an yi dala da su, Lipton, Bournvita, kwalin sukari mai iyali, rariya, ga tukunya kan gawayi tana tafasa. Da azumi yakan buɗe bayan an sha ruwa, ya kai har sahur. Ranar Laraba da daddare kuwa ba ya samun zama, domin washegari Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, motocin fatake da dillalan dabbobi suna ta wucewa, wasu su kwana a Gumel su yi sammako.

A duk kayan teburin nan akwai guda ɗaya da Baba ba ya bari kowa ya taɓa, ko yaron da ke wanke masa kofuna: gwangwanin Nescafé. Direbobin dare ne suka fi nemansa don ya kore musu barci, sai baƙi daga Nijar, mutanen Damagaram, masu cewa a ba su kafe. In an nema, Baba zai buɗe murfin a hankali, ya tsoma bakin cokali kawai, ya karkaɗe rabin abin da ya hau, sannan ya zuba. Direbobi su yi ta tsiya: "Baba, wannan ai kwalli ne ka sa mana." Shi kuwa ko a jikinsa. A idonmu na yara, babu wata fassara ga wannan sai rowa. Mun samu jigo, mun samu tauraro, saura kayan wasa.

A lokacin ba mu san komai game da gahawa ba. Mun ɗauka gari ne ake niƙawa kamar kuka. Sai da muka girma muka ji cewa 'ya'yan itace ne, asalinsa ƙasar Habasha, kuma sufayen Yaman ne suka shahara da shan sa tun ƙarni na 15 don su iya raya dare da ibada. Kalmar gahawa ma daga Larabci muka aro ta. Garin nan da ke narkewa a ruwan zafi kuwa, a 1938 kamfanin Nestlé ya fito da shi a Siwizalan. Ko a Najeriya ana noma itacen a tsaunin Mambila na jihar Taraba, amma ba a rairayin ƙasarmu ba, inda gero da riɗi da zoɓo suke mulki. Wato abin nan ya sha tafiya kafin ya iso teburin Baba, kowace tasha kuma da kuɗinta. Shi ne mafi tsada a teburin. Mu dai ba wannan lissafin muke yi ba.

Ɗan Gagarawa ne ya kawo shawarar malfa, shi ne mai hannu a cikinmu. Ya ce a yi hular da in an hango ta daga nesa za a ga kofi a kan faranti yana tururi. Muka sa mata suna hular kofi, sunan ya yi mana daɗi saboda ya ci biyu: kofin sha da kofin da ake sha.

Akwai tsohuwar malfar kakanmu rataye a zaure, saƙar kaba, wadda ya zo da ita daga wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar tun yana zuwa gona. Rana da damina sun cinye ta, bakinta ya saki, ƙoƙonta ya lotsa. Muka ce bakin nan mai faɗi shi ne faranti. Saura kofi, kuma ba wani kofi da zai yi sai gwangwanin Nescafé na gaske, babba, mai rubutu a jiki, yadda kowa zai gane wa ake nufi.

Muka je wajen Baba da daddare muka durƙusa muka gaishe shi. Babbanmu ya ce, "Baba, gwangwani muke so, za mu yi wasa." Bai tambaye mu wane wasa ba. Ya ce, "Akwai su a buhu ƙarƙashin tebur. Ku zo da rana ku ɗauki wanda ba komai a ciki."

Washegari bayan azahar muka je. An lulluɓe teburin da leda, Baba ya tafi gida, yaronsa, wani almajiri da bai wuce sa'an babbanmu ba, yana barcin azumi a kan benci. Na cikin buhun duk ƙanana ne, wasu sun yi tsatsa. Amma can ciki, bayan buhun, an ɓoye wani babba mai sheƙi. Muka ɗaga, ba nauyi. Muka girgiza, ba ƙarar kuɗi, sai wani ɗan motsi kamar na busasshen ganye. A nan ne ya kamata mu buɗe. Ba mu buɗe ba, don mun san in muka buɗe muka ga wani abu, sharaɗin Baba ya hau kanmu. Muka sa shi a riga muka bar yaron yana barci.

A bayan gida muka buɗe. Cike yake da guntayen kwali, na sukari da na Lipton, an yanka su kamar tafin hannun yaro, kowanne da rubutun ajami da shuɗin biro a bayansa. Dukanmu muna zuwa makarantar allo, mun san baƙaƙe. Da mun zauna mun haɗa su, da mun gane. Amma ɗan Gagarawa ya lanƙwasa guda ɗaya ya saki, ya ga ya miƙe, ya ce, "Kai, Allah ya kawo mana abin da zai tsayar da malfa." Mun ga rubutu, ba mu karanta ba.

Kwana biyu muna aiki. Muka jiƙa ƙaro a gwangwanin madara ya kwana, ya narke ya yi danƙo. Muka kifa malfar, muka bi cikin ƙoƙonta da ƙarƙashin bakinta muna liƙa guntayen kwalin ɗaya bayan ɗaya, wajen hoton yana manne da kaba, wajen rubutun yana kallon kan mai sawa. Muka danne da duwatsu a rana. Da ta bushe sai ga malfar kaka ta miƙe tsaf kamar sabuwa. Muka huda gindin gwangwanin da ƙusa wuri huɗu, muka zura waya muka ɗaure shi a tsakiyar kai. Hannun kofi kuwa guntun tiyo ne muka sa wa waya a ciki muka lanƙwasa. Tururi, auduga ce muka naɗa a kan waya uku, muka karkace su suna kallon sama.

Saura 'ya'yan gahawa, waɗanda ba mu taɓa gani ba sai a hoto. Autanmu ne ya lura cewa ƙwallon dabino ma yana da tsaga a tsakiya, ga shi azumi ne, kowane gida akwai shi. Muka bi maƙwabta muka tara, muka soya a kasko har suka yi baƙi, muka jera su a bakin malfar da ƙaro. Daga ƙarshe muka sassaƙa cokali da kara, ƙarami ƙwarai, bai kai ɗan yatsa ba, muka rataye shi da zare a gaban malfar yana lilo. Wannan cokalin shi ne dukan wasan.

Har yau in muka tuna, ba ma iya cewa malfar ba ta yi kyau ba. Ta yi kyau. Kyan nata ne ma ya ja mu zuwa laifi na biyu.

A daren da muka gama, muna cin tuwo a tsakar gida, muka ji maza a ƙofar gida suna hira. Wani ya ce an ɗauke wa mai shayin tasha gwangwanin da yake ajiye takardun bashi. Wani ya yi dariya ya ce to an yi wa mutane sallar wuri. Wani ya ce ai yaronsa ne, an haɗa baki da shi an ba shi wani abu, kuma Baba ya sallame shi tun jiya. Mahaifinmu yana cikinsu, bai ce uffan ba.

Tuwon ya tsaya mana a wuya. Muka shiga ɗaki muka ɗauko malfar muka haska ashana a cikinta. Yanzu da muka so karantawa, sai ga rubutun yana karantuwa: suna, sai kaya, sai kuɗi. Muka kashe ashanar da sauri. Muka yi shawara irin ta matsorata: in mun mayar yanzu, duka za mu sha, kuma malfar ta tafi a banza. Mu yi wasanmu dare biyu ko uku a unguwannin da ke nesa da tasha, bayan nan sai mu san dabara. Game da yaron da aka kora, ba wanda ya ɗaga maganar. Kowa ya jira wani ya fara.

Daren farko wasan ya karɓu fiye da zatonmu. Babbanmu ya sa malfar, ya liƙa gemun auduga, ya riƙe kofuna biyu yana sheƙa ruwa daga wannan zuwa wancan, hannu sama, yadda masu shayi ke yi. Mu uku muna durƙushe da gwangwanaye muna roƙo cikin waƙar da muka tsara:

"Baba mai shayi, ɗan ƙara mana."

Shi kuma ya kama ɗan cokalin karan, ya tsoma a kofin da ke kansa, ya karkaɗe, ya amsa da muryar tsofaffi:

"Gahawa da tsada, ku lasa ku tashi."

Mata a cikin gidaje har da riƙe ciki. Aka ba mu gero, aka ba mu naira biyar-biyar, wani gida har goma. Kowa ya gane wa muke nufi, wannan ne ma ya sa abin ya yi armashi. Yara suka biyo mu a baya, ayari guda.

Dare na biyu ya kama Laraba. Labarin hular kofi ya riga mu zagaya gari. Muna fitowa daga wani lungu sai muka yi kiciɓis da yaran mota, suka ce, "Ga su nan! Wallahi sai kun je kun yi wa Baba a gabansa." Muka ce dare ya yi. Suka ce yanzu ma aka fara. Ayarin yaran da ke bayanmu ya ɗauki ihu, aka tura mu gaba. In ka tara jama'a da wasa, ba kai ke zaɓar inda za a tsaya ba.

Teburin cike yake, bencina uku duk mutane, ga motocin Maigatari a jere. Baba shi kaɗai yake aiki, yana haɗa shayi yana wanke kofuna. Muka yi wasan, murya na rawa. Direbobi suka kwashe da dariya, wani yana dukan benci, wani yana cewa, "Baba, yau an gama da kai!" Baba ma ya yi dariya, dariya ta gaske, har muka ga gibinsa. Da aka zo wajen cokali ya ce, "Kai, nawa ma ya fi wannan girma kaɗan."

Sannan ya goge hannu ya ce, "Samari, ku kawo in gani."

Babbanmu ya cire ya miƙa da hannu biyu. Baba ya duba gwangwanin, ya daɗe yana dubawa. Ya shafa ƙwallayen dabino. Sai ya kifa malfar a ƙarƙashin fitilar ƙwai.

Ba mu san tsawon lokacin da ya yi yana kallon cikinta ba. Wani ɗan kamasho da ke kusa ya leƙa ya ce, "A'a, rubutu ne? Baba, ba takardunka ba ne? Karanto mana mu ji su wa ke ciki!" Wurin ya yi tsit. Akwai mutane a bencin nan da suka sunkuyar da kai cikin kofunansu.

Baba ya cire hularsa ya sa a aljihu, ya ɗora malfar a kansa, ya ɗaure igiyar a haɓa. Ya ce, "Wannan malfa ta fi ƙarfin kan yara. Wa ya ce a ƙara masa madara?"

Haka ya ƙarasa daren, da kofi a ka, auduga tana rawa a iska, ɗan cokali yana lilo a goshinsa, yana zuba wa mutane shayi. Duk wanda ya zo sai ya yi dariya, shi kuma ya bar su suna yi. Ba wanda ya isa ya ce dattijo ya cire abin da ke kansa. Kafin mu sulale ya kira babbanmu, ya damƙa masa Murtala guda, naira ashirin, kuɗin tashe. Ya ce a hankali, "Gobe bayan la'asar ku zo gida, ku huɗun. Ku taho da ruwan ɗumi."

Mun so a ce duka ya yi mana. Washegari a zaurensa ya shimfiɗa tabarma, ya kifa malfar a tsakiya. Aikinmu shi ne mu jiƙa tsumma mu dinga dannawa a gefen kowane kwali har ƙaron ya saki, mu ɓanɓaro a hankali, mu miƙa masa a kife. Ya ce, "A kife. Kun karanta abin da ya ishe ku." Muka ƙirga guda 43. Ƙaro yana da riƙo, ruwa kuma ba ya jituwa da tawada. Wasu suka fito lafiya, wasu suka yage, wasu rubutun ya narke ya zama shuɗin tabo. Waɗanda suka karantu ba su kai talatin ba.

Duk da haka akwai wanda ido ya riga hannu. Yana can tsakiyar ƙoƙon, daidai inda ya zauna a kan babbanmu dare biyu. Sunan mahaifin biyu daga cikinmu ne, kawun na uku, maƙwabcin na huɗu. A ƙarƙashin sunan ba shayi aka rubuta ba, ba gahawa ba. Burodi ne da madara, layi bayan layi, tun kafin azumi. Burodin da ake yanka mana da sahur, muna ƙorafin ya yi kaɗan. Mahaifinmu yana jiran riɗinsa ya yi daraja kafin ya sayar, Baba kuma yana ciyar da mu a kan jira.

Baba ya ga mun gani. Ya karɓi kwalin ya sa a aljihun gaba, ya ce, "Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ni ma mai burodi yana bi na." Bai ƙara ba, mu ma ba mu taɓa gaya wa mahaifinmu ba har ya koma ga Allah.

Game da waɗanda suka goge, abin da ya dinga gaya wa masu zuwa teburinsa shi ne, wanda ya san akwai kuɗina a kansa ya fi ni sanin ko nawa ne. Wasu suka biya, wasu suka ga hanya ta samu. Nawa ya yi asara, bai faɗa ba. Amma har salla ba mu ga ƙwai a teburinsa ba.

Da muka gama ɓanɓara, ya ce, "Nawa mai sauƙi ne. Akwai wanda na zalunta saboda ku." Ya ce ya sa an nemi yaron a makarantarsu, aka ce ya bi mota zuwa Maigatari yana dako. Alhamis ta gaba ya haɗa mu da wani direba, muka yi fashin makaranta muka tafi.

Wanda bai taɓa shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba zai yi wuya ya gane abin da ake nufi da neman yaro ɗaya a cikinta. Raƙuma, shanu, dawaki, tumaki, ƙura ta tashi, Hausa da Fillanci da Barbarci da yaren Buzaye duk a kunne ɗaya, ga masu canjin sefa. Muna azumi, muka yi ta yawo daga kara zuwa 'yan hatsi. Sai wajen azahar muka gan shi yana jan akuya biyu zuwa mota.

Babbanmu ya yi bayani, yana haɗa magana da ƙyar. Ya ce mu ne muka ɗauka, Baba ya gane, ya ce ka yi haƙuri ka dawo. Yaron ya tsaya yana kallonmu, igiya a hannu. Ya ce, "Na rantse masa da Alƙur'ani, bai yarda ba." Muka ce ka yafe mana. Ya ce, "To." Ya ja awakinsa ya wuce. Bai dawo Gumel ba, ba mu sake ganin sa ba. Shekara ashirin da wani abu ke nan muna juya wannan "to" ɗin, ba mu san ko yafiya ce ko sallama ba.

'Yan'uwa, ba mun kawo labarin nan don mu ce a daina barkwanci ko zambo ba. Tashe kansa gidan zolaya ne: ana taɓa gwauro, ana taɓa malami, ana taɓa marowaci, jama'a su yi dariya su gyara. Baba ma ya yi dariyar cokalin, domin gaskiya ne, cokalinsa ƙarami ne. Matsalar ita ce rabin gaskiyar muka ɗora a sama kowa ya gani, ɗaya rabin muka liƙe a ciki. Mutumin da muka zagaya gari muna kira marowaci shi ne ke ɗauke da cefanen gidaje arba'in, har da namu. Ƙanƙantar cokalin da yawan takardun abu ɗaya ne, hujjar kuma tana hannunmu tun ranar farko, a rubuce.

Mu da muke koyon rubutu kullum a cikin buhun mutane muke lalube. Mutuwar auren yayarmu, rikicin gadon maƙwabta, sirrin da ƙawa ta faɗa mana tana kuka, hoton hirar WhatsApp da aka turo mana bisa amana. Mukan girgiza, mu ji ba ƙarar kuɗi, mu ce ba komai a ciki. Mu canja harafi ɗaya a suna, mu rubuta "labarin gaske" a sama don ya ja masu karatu, alhali duk unguwa ta san wa ake nufi. In ya karɓu, ayari ya biyo mu, daga nan ba mu ke da iko da inda zai kwana ba. Sau da yawa kuma wanda abin ke faɗa wa ba shi ne tauraron labarin ba. Wani ne can a gefe, mai barci a benci, wanda ba mu ko sa shi a lissafi ba.

Abin da muke yi yanzu kafin mu saki rubutu shi ne mu kifa shi mu duba ciki. Kayan wa muka ɗauka? Ya ba mu, ko mun fake da rabin izini? Mun karanta duka, har wajen da zai ɓata mana jigo? In mai abin ya ce kawo in gani a gaban jama'a, za mu iya miƙawa da hannu biyu? Wannan rubutun ma sai da muka yi masa haka. Shi ya sa ba ku ga sunan kowa ba, ko na tashar, ko na unguwar. Mun san sunaye da yawa daga cikin arba'in da ukun nan, 'ya'yansu abokanmu ne. Dattijo ya rufe su da kansa dare guda cur, ana yi masa dariya, ba mu ne za mu buɗe ba.

Malfar ta daɗe rataye a rumfar Baba, ba kwali, bakinta ya sake saki, gwangwanin ya yi tsatsa. In baƙo ya tambaya sai ya ce wasu 'ya'yansa ne suka yi masa. Ya rasu shekarun baya. Allah ya jiƙansa, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa mutane, ya jiƙan mahaifinmu da dukan magabata.

Shi kuwa yaron, yanzu ya zama magidanci in yana raye. Ko sunansa na yanka ba mu sani ba, Almajiri kawai ake kiran sa, mu ma haka muke kiran sa. In Allah ya sa wani ya karanta masa wannan, ya tuna da gwangwanin Nescafé da azumin sanyi a tashar Gumel, to mu huɗun muna nan, kuma har yanzu yana bin mu.

Wassalam.